Muciya a Bututun Iska

Litinin, da hantsi

Jikata ce ta ba ni littafin nan don in riƙa rubuta awon jinina safe da yamma. To jini dai yana nan inda yake, ba abin da ya same shi. Abin da ya faru jiya shi ya cancanci biro. Aji huɗu na yi a makaranta, wanda ya ga rubutuna ya karkace sai ya karkata kansa.

Gobara aka yi a gidanmu! Ni da na haura saba'in ban taɓa ganin motar kwana-kwana ido da ido ba, jiya har uku suka tsaya a ƙofar benenmu, ja wur, suna ihu kamar an taka musu wutsiya. Tela ne na shagon ƙasa ya bar dutsen guga a kan yadi ya tafi sayen zare. Wai minti biyar. Duk wanda ya taɓa kai wa Tela ɗinki ya san tsawon minti biyar ɗinsa.

Wutar ba ta wuce shagon ba, hayaƙin ne ya yi mana ta'asa. Benenmu hawa shida ne, ni ina na uku tare da ɗana Direba da 'yarsa. Lif ya mutu tun kafin in tare, matakala kuma ɗaya ce tal, ita ce hanyar tsira. Ƙararrawa na kaɗawa na riga kowa sauka. Ƙafar nan da nake cewa tana ciwo jiya ta kunyata ni a gaban jama'a. Waɗanda suka sauko bayana su ne suka tarar da hayaƙi baƙi ƙirin ya cika matakala, daidai ƙofarmu, ba ka ganin tafin hannunka.

Ƙawata Ta-Sama, ta hawa na huɗu, ita ta fi daɗewa a ciki saboda gwiwoyinta. Wani ƙaton ɗan kwana-kwana ne ya goyo ta har waje. Rabon da namiji ya ɗaga ta sama tun mijinta na da rai, in ta warke sai ta gaji da bakina. Tana asibiti. An ce ta shaƙa da yawa, amma za ta tashi.

Za ta tashi. An ce za ta tashi.

Litinin, bayan azahar

Kowa ya fita, gidan sai warin ƙauri. Na ɗan yi wani aiki a bakin ƙofa da wuƙar yanka albasa. Ba abin rubutawa ba ne.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Yau mun yi baƙi! Masu bincike uku, da tocila da abin ɗaukar hoto da wata jaka mai baki biyu. Babbansu dogo ne mai gilashi, in ya kalle ka ta saman gilashin sai ka tuna duk laifin da ka yi tun kana goye. Na kai musu shayi har bakin matakala don in samu wurin tsayawa. Na ce masa, “Ɗana, sha, bincike da yunwa ai sharri ne.” Ya sha kofi biyu.

Bari in kwatanta abin da suka zo gani. A cikin bangon matakalarmu akwai bututun iska na ƙarfe, ya taso tun daga shagunan ƙasa har rufin gida. A kowane hawa yana da baki, an rufe da ragar ƙarfe mai noti huɗu. Tamu tana gefen ƙofarmu, daidai gwiwa. Bayan ragar akwai marfi. Kullum a buɗe yake don iska ta wuce, amma da zarar na'urar da ke silin ta ji hayaƙi sai ya faɗo ƙwas, ya toshe. Aikinsa ke nan a duniya, kada hayaƙi ya bi bututu ya fito inda mutane ke gudu.

Masu ilimi suna ce masa bututu. Ni rediyo nake ce masa. Shekara uku ke nan ina ajiye kujerata a gaban ragar nan da hantsi, Ta-Sama ta ajiye tata a gaban ta hawa na huɗu, mu yi ta hira kamar muna tabarma ɗaya. Matakala goma sha takwas ce tsakaninmu, ni da ƙafa, ita da gwiwa, wa zai hau wa zai sauka? A rediyon nan muka aurar da rabin unguwa, muka kuma raba auren da bai yi mana ba. Illarsa ɗaya. Akwai wata a hawa na biyu, Mai Ƙona Girki muke ce mata, duk sati sai ta ƙona tukunya. Tana ƙonawa marfi ya faɗo, rediyo ya mutu, sai mai kula da gidan, Mai Makullai, ya ga dama ya zo ya buɗe. Kwana uku, wani lokacin huɗu. Kwana huɗu ba hira! Mutum ai sai ya

Biron nan ya fara gardama.

Mai Gilashi dai ya kwance ragar, ya haska. Marfi a rufe ruf. Ya ɗago ya dubi bangon da ke sama da ragar, baƙi kamar gindin tukunya har silin. Ya ce, “Marfin ya ce a rufe nake. Bango ya ce ƙarya ne, ranar a buɗe kake.” Na yi dariya, ni kaɗai. Ya ce duk sauran hawa biyar ɗin marafansu sun rufe a kan lokaci, namu ne kawai ya makara.

Sai ya haska wata 'yar takarda da aka manna a gefen marfin. Kwanan wata na sati biyar da suka wuce, da sa hannu. Na san hannun. Ni na riƙe shi ranar da ya fara riƙe fensir.

Laraba, da safe

Direba ya ce, “Inna, yau kuma da ludayi ake juya tukunya?” Na ce ra'ayi. Na ce in ya iya ya zo ya karɓa.

Alhamis, bayan la'asar

An dakatar da 'Yar Kwalkwali daga aiki.

Jikata ke nan. Tun da ta fara aiki da kamfanin da ke duba bututun iska da marafan gobara a manyan gine-gine take yawo da farin kwalkwali, ni kuwa na raɗa mata suna. Da tana kumbura baki, yanzu ko ubanta haka yake kiranta. Yau ta shigo ta ɗora kwalkwalin a kan firji. Na ce, “A'a, yau firji aka ɗauka aiki?” Ba ta yi dariya ba.

Wai ana zargin ba ta gwada marfinmu ba, ta sa hannu kawai. Wai da yake gidansu ne, ta zauna a ɗakin kakarta tana shan shayi ta cike takarda. Za a yi zaman kwamiti. In ya tabbata za a karɓe takardar shaidar aikinta, ba a wannan kamfanin kaɗai ba, ko'ina. Shekara biyar yarinyar nan tana karatu da fitila a kan teburin cin abinci.

Na miƙe tsaye. Na ce ƙarya ne, ina wurin! Ina zaune a kujerata ta durƙusa ta fesa wa na'urar wani abu, marfi ya faɗo ƙwas har na zabura, ta sake buɗewa ta sake gwadawa, sau uku. Na ce a kai ni gaban kwamitin, ni dama ban taɓa shiga ofis mai sanyi ba, zan yafa mayafina mai ruwan toka in yi musu bayani dalla-dalla.

Ta ce, “Kaka, wa zai karɓi shaidar kaka a kan jika?”

Na ce to wai duk wannan tashin hankali a kan ɗan marfin da bai kai faranti ba? Sai ta juyo. In ana maganar aikinta idonta har wani haske yake yi. Ta ce, “Kaka, wuta da ƙafa take tafiya, hayaƙi kuwa fiffike gare shi. Yawancin waɗanda gobara ke kashewa wuta ba ta taɓa su ba. An gina bangon matakala da kauri don ya tsare mutane har su fita. To bututu ya huda bangon. Marfin nan shi ne toshiyar hudar. In bai rufe ba, kamar kin gina katanga ne kin bar ƙofa a hangame.”

Na ce ai na gane. Na ce bari in duba tukunya. Babu komai a kan wuta.

Asabar, da yamma

Mun je asibiti! Direba ya kai ni a gaban mota kamar matar gwamna. Gini fari tas, ƙasa tana sheƙi har ina ganin haƙorana, ga ma'aikata suna ta gilmawa da takalma marasa ƙara. Ina tafe ina kallon sama, ashe su ma duk silin ɗinsu ragogi ne irin tamu. Ban taɓa lura ba. Yanzu duk inda na shiga su nake gani.

Ta-Sama tana zaune an jingina ta da filo, da robar numfashi a hanci. Ta rame. Na ce, “Ke, tashi, saurayinki na kwana-kwana yana waje da fure.” Kafaɗunta suka girgiza, amma ba sauti. 'Yarta ta ce hayaƙin ya ƙone mata maƙogwaro, likita ya hana ta magana, ko ta gwada ma ba ta fita. Sai a hankali.

Matar da in ta fara labari sai tukunyata ta ƙone. Ba murya.

Na yi ta zuba ni kaɗai, na ba ta labarin Mai Gilashi da kofi biyu, da yadda Tela yake bin bango in ya hango mutanen gida. Da 'yarta ta fita kiran ma'aikaciya sai ta kama hannuna. Ta ɗaga ɗaya hannun ta dunƙule, ta fara juya shi a iska, a hankali, kamar mai tuƙa abu a tukunya. Tana juyawa tana kallona.

Na ce, “Yunwa kike ji?”

Ta girgiza kai. Ta ci gaba da juyawa.

Na ce, “Fanka kike so a kunna?”

Ta saki hannuna ta juya fuska bango.

A hanyar dawowa Direba ya ce yau na yi shiru. Na ce warin magani ne.

Lahadi, da hantsi

'Yar Kwalkwali ta zo canza min zanin gado, tunda yanzu ba ta da aikin yi sai neman na yi. Na haye gadon na zauna daram. Ta ce in tashi. Na ce katifata ce, ni zan gyara abata. Ta ce ɗakin yana warin ƙauri har yanzu. Na ce duk gidan ma haka yake.

Katifar ta yi tudu a gefen hagu. Bayana ya sani.

Talata, ƙarfe huɗu

Labari mai daɗi! Ranar Litinin za a yi gwaji a gabanmu. Za su kawo wani inji mai yin farin hayaƙi na ƙarya, wanda ba ya cutarwa, su hura shi cikin bututu daga shagon Tela a ga abin da marfi zai yi. Kwamitin da kansa zai zo, a nan za a yanke magana. Mai Makullai ya manna sanarwa a ƙofar shiga, har ya sa sabuwar riga don mannawa. Hayaƙin ƙarya! Duniya ta zo da abin kallo. Na riga na gaya wa Mai Ƙona Girki cewa an samu injin da zai karɓe mata sana'a.

Da rana na leƙa na tarar da 'Yar Kwalkwali kwance rub da ciki a bakin ƙofa, kanta a bakin ragar, tana haskawa da tocila. Ba a yarda ta taɓa komai ba, kallo kawai. Ta daɗe. Ta ce akwai wata 'yar lotsawa a leɓen marfin, wadda babu ita ranar da ta gwada. Ta kuma ce notin ragar duk huɗun an goge musu kai, kamar an kwance su da abin da ba sukudireba ba.

Na ce ɓeraye ne. Ɓerayen zamani ba abin da ba su iya ba.

Ta tashi zaune ta kakkaɓe gwiwa. Ta ce, “Kaka, ina muciyarki?”

Na ce na ba da aro.

“Wa kika ba?”

“Wata.”

“Wace wata?”

Na ce, “Ke 'yar sanda ce ko injiniya? Kya zauna kina tuhumar wadda ta yi wa ubanki wanka?”

Ta dube ni. An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ni dai ba kaza gare ni ba.

Alhamis, da safe

Na shiga kicin na tarar da sabuwar muciya a rataye a ƙusa, fara sol, ko takardar kanti ba a ɓare ba. Ba wanda ya ce shi ya saya. Ban taɓa ta ba.

Asabar, bayan la'asar

Ba daɗi, amma zan rubuta.

Gobe za a sallamo Ta-Sama, don haka Direba da 'yarsa suka hau taya 'yarta share ɗaki. Ni kuma na fito da kujerata bakin ƙofa, don sabo, ba don komai ba. Tun bayan binciken Mai Makullai ya buɗe marafan, su kuwa sun manta da rediyo. Ko ɗana da na haifa ya manta cewa duk wanda ya tsaya a ƙofar hawa na huɗu a kunnena yake tsaye.

Muryar Direba na fara ji. “Kin tabbata?”

“Baba, tun ranar Talata. Faɗin lotsawar daidai kaurinta. Kuma tana ƙarƙashin katifa, na gani da ta shiga wanka. Rabinta baƙi.”

Sai iska.

“To ki faɗa musu mana. Uwata ce, amma gaskiya gaskiya ce.”

“In faɗa a gaban duk mutanen gida cewa ita ta kwantar da ƙawarta a asibiti? Baba, ka san ta. Bakin nan nata ne kawai, ciki ba ƙarfi. In aka nuna ta da yatsa ba za ta sake leƙo ƙofa ba, a ɗaki za ta ƙare.”

“Ke kuma fa?”

“Zan ce mai yiwuwa ban duba da kyau ba. Ni yarinya ce, zan nemi wani abin yi.”

Zan ce mai yiwuwa ban duba da kyau ba. Yarinyar da ta gwada sau uku.

To littafi, kai dai ba ka da baki, bari in gaya maka. Kwana biyu bayan ta yi gwajinta, Mai Ƙona Girki ta ƙona wake, marfi ya faɗo, muka yi kwana huɗu ba hira. Ranar da Mai Makullai ya buɗe, yana juya baya na ɗauko wuƙa na kwance ragar, na tokare marfin da muciyata, na mayar da raga. Na gaya wa Ta-Sama ta cikin bututun, muka yi ta dariya, ta ce kaina yana ja. Sati huɗu rediyo bai mutu ba ko sau ɗaya. Ranar gobara ma bai mutu ba. Washegari na zare ta, marfi ya faɗo ƙwas, na ɓoye ta.

Na tokare shi don in ji muryarta. Ga shi yanzu ba ta da murya.

Ciki ba ƙarfi, in ji ta. Za mu gani.

Lahadi, da yamma

Na goge mayafina mai ruwan toka. Na zare wayar dutsen gugar, na koma na duba sau uku.

Litinin, bayan magariba

Yau an yi abin da za a daɗe ana faɗa a gidan nan, kuma tunda ba za a faɗe shi daidai ba, bari in riga kowa.

Tun ƙarfe tara matakala ta cika. Mai Gilashi da mutanensa, 'yan kwamiti biyu, wata mata mai jakar fata da wani mai tumbi, Mai Makullai da sabuwar rigarsa, Tela can ƙasa yana leƙe. An sauko da Ta-Sama rabin matakala an zaunar da ita a kujera, ta lulluɓe wuya. 'Yar Kwalkwali tana tsaye jikin bango, kai ba kwalkwali, kamar an aske ta. Ni kuma na fito da mayafina da jakar leda a hammata. Direba ya kalli jakar ya kalle ni. Na ce magunguna ne.

Aka cire raga, ga marfi a buɗe. Mai Gilashi ya yi magana a waya, can ƙasa inji ya fara gurnani. Sai ga wani ɗan farin abu ya leƙo kamar tururin shayi, ƙararrawa ta tsala ihu, marfi ya faɗo ƙwas! Shi ke nan. Minti biyar inji yana aiki, matakala tas, ko tari ba wanda ya yi. Wallahi abin ya burge ni, har na tafa. Ɗan marfin da bai kai faranti ba!

Matar mai jaka ta ce, “To marfi lafiyarsa ƙalau yau. Me ya hana shi ranar?” Ta juya wajen jikata. “Ko akwai abin da za ki gaya mana game da gwajin da kika ce kin yi?”

Na kalli yarinyar. Ta buɗe baki ta ce, “Mai yiwuwa...”

Na ce, “A sake.”

Duk suka juyo. Mai tumbi ya ce, “Mama, ki ɗan koma ciki, aiki ake yi.”

Na ce, “Ɗana, da aka haife ka ina da 'ya'ya uku. Na ce a buɗe marfin a sake.”

Mai Gilashi ya kalle ni ta saman gilashi. Ban sunkuyar da kai ba. Ya ce wa Mai Makullai ya buɗe. Na durƙusa, gwiwoyina suka yi ƙara har aka ji, na zaro muciya daga leda. Rabi fari rabi baƙi. Jikata ta ce, “Kaka, don Allah.” Na ce, “Yi min shiru, manya na aiki.” Na sa ta inda na saba, ƙasanta a gindin bututu, kanta a leɓen marfi. Ta shige cikin lotsawar nan kamar an auna.

Na ce, “Kira na ƙasa.”

Inji ya yi gurnani. Ƙararrawa ta tsala ihu. Marfi ya yunƙura zai faɗo, ya daki muciya, ya tsaya yana rawa. Sai hayaƙi ya ɓarko. Jama'a, ban taɓa ganin abu haka ba! Fari fat, yana tuttuɗowa kamar an kwance bakin buhu, ya hau bango daidai kan baƙin tabon nan, ya bugi silin, ya nufi sama. Kafin in ƙirga ashirin ban ganin Direba da ke kusa da ni. Ban ganin Ta-Sama a kan kujerarta. Na san na ƙarya ne. Amma a nan ta tsaya ranar, da gwiwoyinta, cikin na gaskiya, tana laluben bango. Sai a lokacin na gani. Gani ya kori ji.

Aka kashe inji, aka buɗe tagogi. Ina durƙushe na faɗa musu komai, da waken da aka ƙona, da wuƙar albasa, da katifa. Na ce yarinyar nan sau uku ta gwada a gabana, kuma yanzu ƙarya za ta yi muku don ta rufa min asiri, ku rubuta wannan ma, don shi kaɗai ne laifinta.

Ba wanda ya yi dariya. Wani maƙwabcinmu na hawa na shida, wanda ya sauko da 'ya'yansa biyu cikin hayaƙin ranar, ya dube ni ya juya ya haye sama. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Sai muka ji wani sauti daga sama, kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Ta-Sama ce. 'Yarta tana cewa, “Mama, likita ya hana,” tana ture ta.

Ta ce, “Fanka.” Ta numfasa. “Wai fanka. Hannuna har ya gaji, munafuka.”

Ta ƙara numfasawa, ta dubi Mai Gilashi. “Ni ma na sani. Na yi dariya. Rubuta.”

A nan ne na yi abin da ban yi niyya ba a gaban baƙi, mayafi mai ruwan toka ya sha hawaye. Jikata ce ta ɗaga ni. Ta matse ni har haƙarƙarina ya yi ƙara, tana ce min a kunne, “Kin ɓata min shiri, tsohuwa.” Na ce, “Shirin banza. Ke ko ƙarya ba ki iya ba, ba ki gado ni ba.”

Mai Gilashi ya sa muciyata a leda mai haske ya manna mata lamba, kamar ɓarauniya. Ya tambayi Mai Makullai dalilin da marfi ke kwana huɗu a rufe ba a zo ba. Sabuwar riga ta jiƙe da gumi. Ya kuma rubuta cewa a canza notin ragogin duka zuwa irin waɗanda wuƙa ba ta kwancewa. Ya ce a shekara ashirin na aikinsa ya ga an tokare marfi da bulo, da gwangwani, da takalmi, amma bai taɓa ganin wanda ya dawo ya nuna yadda ya yi ba. Ban sani ba ko yabo ne. Na ce ko zai sha shayi. Ya ce yau a'a.

Laraba, da azahar

Na hau har hawa na shida na ba da haƙuri. Ya saurare ni a bakin ƙofa, ya ce ya ji. Bai ce in shigo ba. Yana da gaskiya.

Juma'a, da hantsi

Kan firji ba komai. Tun ƙarfe bakwai ta fita, kwalkwali a ka, tana tauna burodi a tsaye. Ta ce an ba ta aron muciyata, za ta riƙa nuna wa masu kula da gine-gine in ana koyar da su. Na ce to a faɗi sunan mai ita. Ta ce har abada. Na ce to a ce kyakkyawa ce.

An sa wa ragar sababbin noti masu wani irin kai kamar tauraro. Na duba su da kyau, don ilimi kawai.

Ɗazu Mai Ƙona Girki ta ƙona madara. Ina zaune na ji ƙwas. Na ce madalla, yi aikinka. Na ɗauki sabuwar muciya na ɓare mata takarda na juya tukunyata, na zuba a kwano mai murfi, na rufe ƙofa.

Awon jini na yau: ban auna ba. Matakala goma sha takwas, na huta sau biyu. Kafin in ƙwanƙwasa na ji ta daga ciki, da muryar nan tata ta tsohuwar ƙofa, tana cewa, “A buɗe take. Tun daga ta tara nake jin nishinki.”